Ƙasar Kango: Daga Yammedi Zuwa Rogo

Duk wanda ya fita Kano ta Kabuga ya kama hanyar Gwarzo, in dai idonsa na gefen titi, ba sai an gaya masa siminti ya yi tsada ba. Daga sabon mazaunin Jami'ar Bayero zuwa Janguza, har kusa da Rimin Gado, gine-gine ne birjik da suka tsaya a linta. Rodi ya leƙo sama ya yi tsatsa, ciyawa ta tsiro a inda aka so a yi falo, ta bushe a wurin. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, masu gini da yawa suka ce wa leburori a dakata tukuna, kuma wasu har yau ba su sake kiransu ba. Sai an yi nisa da birni launin garuruwa yake sauyawa, tokar bulo ta ja baya, jar ƙasa ta karɓi wuri.

Ɗaurin aure ne ya kai ni Yammedi, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Ƙaraye, a tsakiyar hunturu. Lokacin gini ke nan a ƙasar Hausa: amfani ya shiga rumbu, hannun manomi ya sami sarari, ga rana ga iska da za su busar da tubali. Daga Gwarzo muka karya kudu zuwa Ƙaraye, tsohon gari mai sarauta, wanda aka ɗaga ya zama masarauta a 2019, aka rushe ta a 2024, aka kuma sake kafa ta a cikin shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, da Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. A wannan ƙasa ne madatsar ruwan Challawa take, wadda aka kammala a 1992, kuma ita baƙi suka fi zuwa kallo. Ni abin da ya riƙe ni yana bayan gidan da aka yi ɗaurin auren.

Bayan an shafa fatiha an raba goro, na zagaya don in miƙe ƙafa, sai na tarar ana rushe wani ɗaki da rufinsa ya zauna a ruwan Agusta. Babu katafila, babu tifar kwasar ɓaraguzai. Samari ne da diga da shebur, sai wani dattijo tsaye yana nuna musu inda za su sara. Komai da aka ciro an ba shi wurinsa. Azara an jingina ta a jikin katanga, doguwa da doguwa, gajera da gajera. Ƙyauren da sakatarsa suna gefe. Indararo ma ba a yar ba. Ita kuwa katangar, ana kayar da ita ana farfasa hoge da ƙotar gatari, ana tara ƙasar tsibi guda a tsakiyar kangon.

Na ce, "Sannu da aiki, Baba."

Ya ce, "Yawwa Malam, sannu kadai. An ɗaura lafiya?"

Muka gaisa, na tambaye shi daga wane kududdufi za a ɗebo ƙasar sabon ɗakin. Sai ya yi dariya ya nuna tsibin da haɓa. "Ga ta nan a gabanka. Kakan yaron nan ne ya fara kwaɓa ta. Ai ba mutuwa ta yi ba, Malam, kwanciya ta yi."

Na sami dutse na zauna ina kallo. Wani tsibin da aka jiƙa tun kwanakin baya shi ake takawa a ranar. An buɗe bakinsa an zuba ruwa daga jarkokin mai kura, an watsa yankakkiyar ciyawa da kashin jaki, samari sun naɗe wando zuwa gwiwa sun shiga suna kirɓawa da ƙafa, ana juyawa da shebur ana sake takawa. Ba a ranar ake amfani da ita ba. Ana barinta ta kwana ta tsumu, a sake ba ta ruwa a sake takawa, har ta yi danƙo. Daga nan a yanko curi a mulmula shi a ƙasa da hannu biyu, gindi faffaɗa, kai a tsuke, a jera a rana. Tubali ke nan. In ya bushe ƙarau, magini zai zauna a kan katanga ana jefo masa ɗaya bayan ɗaya yana cafewa, yana dasa su kai a sama, yana cike tsakaninsu da ɗanyen kwaɓi. Katangar kuwa da kauri take tashi a gindi, tana sirancewa tana hawa. A ra'ayin dattijon, tsohuwar ƙasa ta fi sabuwa daɗin aiki, domin an riga an hore ta, tsakuwarta ta fita, ciyawar da ke cikinta ta narke ta zama jiki ɗaya da ita. Wadda ta yi gishiri-gishiri a gindin bango, ta gaji da gini, ita ce ake lodawa a mangala a kai gona. Manomi bai taɓa raina ƙasar kufai ba.

Wani yaro ƙarami aikinsa ɗaya ne a wurin, tsince leda. Baƙar leda, ledar ruwa, ɓawon alawa, duk yana zarowa daga tsibin yana cusawa a buhu. Dattijon ya ce wannan aiki a zamanin ubansa babu shi. Leda in ta shiga tubali ba ta kama ƙasa, nan take barin hanya, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A duk abin da ke cikin kangon nan, ita kaɗai ce ba a san inda za a kai ta ba.

Abin da dattijon nan yake yi da ƙafar samarinsa, masu zanen gine-gine a Turai da Amurka sun shafe shekaru suna taro a kansa, kuma damuwarsu da dalili. Kafin a sami siminti sai an fasa dutse an gasa shi a wuta mai zafin kusan digiri 1,450, kuma masana'antar siminti ita kaɗai ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke turawa sama tana ɗumama yanayi. In gini ya tsufa kuma a tura shi a kwashe a zubar. A ƙasashen Tarayyar Turai sharar gini da rusau ta haura kashi ɗaya cikin uku na duk sharar da suke fitarwa. Shi ya sa suke neman tsarin da kaya za su riƙa zagayawa maimakon su tashi daga rami su ƙare a juji. Gidauniyar Ellen MacArthur, wadda aka kafa a Ingila a 2010, tana cikin masu yayata shi: tun a wajen zane a toshe ƙofar shara, abin da aka riga aka sarrafa a ci gaba da morarsa, abin da aka ara daga ƙasa a iya mayar mata. A Holan har rajista ake yi wa gini, a rubuta duk kayan da ke jikinsa, don ranar da za a kwance shi a san abin da za a ceta. A Yammedi rajistar tana kan magini. Ya ɗaga wata azara ya ce wannan daga tsohon zauren gidan ta fito, wannan ɗaki shi ne na biyu da ta riƙe, yanzu za ta shiga na uku.

Azara ba abar wasa ba ce. Daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cika iya mata ba, kuma giginya sai ta shekara da yawa kafin ta isa sara. Ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa in tazarar ta wuce kusan mita biyu, dalilin da ya sa maginan Hausa suka ƙware wajen goya ta a kan juna har suka fitar da bakan gizo da ɗaurin guga, suka rufe manyan soraye babu ƙarfe ko ɗaya. Yau giginyar ta yi ƙaranci, ana sara ba a shukawa. Don haka tsohuwar azara ta zama dukiya, har rabon gado takan shiga.

Washegari na bi masu komawa Rogo. Ƙasa ce da ta jingina da Katsina ta wani gefe, da Kaduna ta wani gefe, kuma mutanenta da na Maƙarfi kasuwa ɗaya suke ci. Mai karatun tarihin sana'o'in Kano ya san sunayen nan: Rogo, Zarewa, Beli, Fulatan. A ƙarni na 19 garuruwan rini ne, su da Kudan da Hunkuyi a ɓangaren Zazzau, lokacin da tufafin ƙasar Kano ke bin ayari har Azbin. To me ya haɗa marina da gini? Katsi. In an daɗe ana rini a karofi, baba da toka sukan kwanta a ƙasa su yi laka. Marina su kwashe ta, su cura, su shanya, su ƙona, a daka ta zama gari. A kawo gashin da majema suka kankare daga fatar awaki, a kawo ruwan dafara mai yauƙi, a haɗa da garin katsin. Laso ke nan, simintin Bahaushe, wanda ake shafe rufin soro da shi ruwa ya bi indararo ya wuce, kuma da shi ake shafe cikin karofin kansa don kada ya tsotse. Sharar marini da sharar majemi su ne kayan aikin magini.

A nan ne nake ganin masu yabon ginin gargajiya suke tsallake wani abu. Zagayen nan ba a hannun magini kaɗai yake ba, maƙwabtaka ce tsakanin sana'o'i. Da atamfar kanti da rinin bature suka kashe kasuwar baba, karofi suka bushe, katsi ya yi wuya. Da katsi ya yi wuya laso ya ɓace. Da laso ya ɓace rufin ƙasa ya koma neman gyara kowace shekara, sai kwano ya sami ƙofa a buɗe. Ba shi ne kaɗai dalili ba, amma yana ciki. Marinar Ƙofar Mata a birni, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana nan tana aiki, sai dai katsinta ba zai shafe rufin jiha guda ba. A Rogo na tambayi magina matasa yadda ake haɗa laso. Sunan sun sani, hannun ne babu. Makuba ce ta fi tsawon rai. Ɗorawa ta ba da garinta a sha, ta ba da kalwa a yi daddawa, ɓawon kuma a jiƙa shi a sami jan ruwan da mata ke yayyafawa suna daɓe, ko a zuba a yaɓe ya ƙara masa ƙarfin jure ruwa. Ita ma ɗorawar masu gawayi sun sa ta a gaba.

Wani zagayen kuma sabo ne, na ƙarfe, kuma a bakin kasuwa ake ganinsa. Na tsaya wajen wani maƙeri da ya yanke kan ganga da gindinta, ya tsaga ta a tsaye, ya shimfiɗa a ƙasa yana bugu da guduma har ta miƙe. Gobe ƙyauren wani ce. Kusa da shi ana sayar da tsohon kwano, an ware shi daraja-daraja: mai ramin ƙusa kaɗai na rufin ɗaki, wanda tsatsa ta fara ci na dangar makewayi, wanda ya lalace sosai na turken awaki. Almajirin kafinta yana zaune da gwangwani cike da lanƙwasassun ƙusoshi yana miƙar da su ɗaya-ɗaya a kan dutse. Tsohuwar taya ta zama gugar rijiya, ko ta hau kan rufi ta danne kwano kada iskar farkon damina ta yaye shi. Abin da ya gagari kowa sai 'yan gwangwan su auna a sikeli su loda, ya tafi kamfanin narka ƙarfe ya dawo a rodi. Babu wanda ya koya wa mutanen nan darasin kare muhalli. Rashi ne malaminsu, kuma bai kamata mai ƙoshi ya zo yana yi wa rashi kirari ba.

Ba kuma duk abin da aka sake amfani da shi ne alheri ba. Baƙin man inji da ake shafa wa katako don gara, in ya tsiyaya kusa da rijiya guba ne. Tsohon silin asbesto da ake cirowa daga gine-ginen da, a yanka shi da zarto a sake kafawa, ƙurarsa tana lalata huhu, kuma ciwon sai bayan shekaru yake bayyana. Mutanen birnin Kano sun ga wata fuskar a watan Yunin 2023, lokacin rusau, da matasa suka yi ta afka wa gine-ginen da aka tura suna zarar rodi da tagogi da sunan ganima, gini na lilo a kansu. Ganuwar Kano ma, wadda aka aza harsashinta tun zamanin Sarki Gijimasu, wani ɓangare na abin da ya cinye ta masu ɗibar ƙasar gini ne. Wanda ya rushe ɗakin kakansa ya tayar da na ɗansa daban, wanda ya yagi kayan jama'a daban.

Sannan ginin ƙasa yana da laifinsa, kuma mazauna cikinsa sun fi kowa sani. Kowace damina sai an ji labarin katangar da ta faɗa wa masu barci. Yaɓe yana son hannu duk shekara, samarin da za su yi kuwa suna Kano ko Abuja ko Legas wajen nema. Kududdufin da aka haƙa ya zama gidan sauro, wani lokaci ya ci yaro. Amma in ka duba katangun da suka faɗi, kusan duk ciwonsu ɗaya ne: ruwa ya kwanta a gindi ya jiƙa shi, ko ya shiga ta kai. Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne. A tayar da harsashi da dutse ko 'yan layukan bulo mai ƙwari har ya wuce inda ruwa ke taruwa, a fitar da bakin rufi ya yi wa bango rumfa, a gyara magudana. Akwai kuma injin hannu da ke matse jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan ya fitar da tubali mai kusurwa huɗu, sumul, wanda ba ya buƙatar wuta. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe da ƙera irinsa. Sai dai a lura, gwargwadon simintin da aka zuba wa ƙasa, gwargwadon wuyar sake kwaɓa ta. In ya yi yawa an dawo gidan jiya.

Abin da ke korar mutane daga ƙasa, a ganina, ba ruwan Agusta ba ne kawai. Kunya ce. Mai masaukina a Rogo ya faɗa mini ba tare da kwana-kwana ba: yau in saurayi ya je neman aure, cikin tambayoyin da dangin yarinya ke yi a bayan fage har da ko ɗakin na bulo ne. To sai ya ci bashi ya sayi bulon da aka buga da yashi mai yawa da siminti na shafa, wanda in ka murza gefensa da yatsa sai ya zubo. Ya rufa kwano babu sili. Watan Afrilu na zuwa, zafi ya haura digiri 40, amarya da ango su kwaso tabarma su dawo tsakar gida, yayin da tsohuwar da ke ɗakin ƙasa mai kaurin bango take barcinta, domin kafin zafin rana ya ratsa bangon dare ya yi. In wannan bulo ya ruguje kuwa, ba ya komawa kwaɓi, ba ya zuwa gona. Iyakarsa cikon rami. Wasu kuma sukan raba gardama su yi ginin ƙasa su lulluɓe fuskarsa da filastar siminti don masu wucewa. Siminti da ƙasa ba sa numfashi tare. Danshi ya maƙale a tsakani, wata rana filastar ta ɓanɓaro faifai guda, ta taho da naman bangon.

Wannan kunya ba gadonmu ba ce. Da ƙasa da azara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, ginin da har yau ɗaliban zanen gini ke zuwa aunawa. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya fara a 1962 ya ci lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji, ita ma a ƙasar Hausa ta Nijar, Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili ba su rushe tsohon masallacin garin ba. Sun gyara shi ya zama ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da matsattsen tubalin jar ƙasar wurin, aka gama a 2018. Francis Kéré na Burkina Faso da makarantar ƙasa ya fara a ƙauyensu Gando, kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a wannan fanni. Har gidan da aka gina da robobin ruwa cike da yashi a Sabon Yelwa kusa da Kaduna a 2011 ya ja 'yan jarida daga ko'ina, ko da yake ni ban ga abin da katangar Yammedi ta rasa da sai roba ta cike mata ba.

Talaka ba zai daina jin kunyar ƙasa don an ba shi labarin Dandaji ba. Zai daina ne ranar da ya ga hukuma ta yi gini da ita, mai kuɗin garinsu ma ya yi. Don haka kirana ga shugabannin ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, da fadar masarauta: ajin makaranta na gaba ko ɗakin shan magani da za a bayar kwangila, a gwada shi da matsattsen tubalin ƙasar wurin, a kan harsashin dutse, da rufi mai faɗin baki, a sa maginan gari cikin aikin tun daga zane. A nemo dattawan da suka taɓa haɗa laso da hannunsu a Zarewa da Beli da Fulatan, a zaunar da ɗaliban Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello a gabansu da littafi da ma'auni tun suna da rai. Masu unguwanni kuma su sa ido a kan ɗorawa, kuma duk wanda ya sare giginya a sa shi ya binne ƙwallonta goma kafin ya ɗauki azararsa.